Tsaka ma tana da haƙƙi a kanmu?

 Yau wata tambaya na kawo maka, kuma ina roƙonka kada ka yi dariya sai ka kai ƙarshen maganar.

Ka tuna wani dare. An kunna fitila, ana hira, sai ga tsaka a jikin bango ta laɓe kusa da haske. Mi ka yi? In kai kamar yawancinmu ne, takalmi ka nema. Yara suka yi ihu, uwar gida ta yi maza ta rufe tukunyar miya. Cikin ƙananan halittun da muke zama da su, da wuya ka samu wadda aka tsana kamar tsaka. Ƙadangare ma yana samun mai tausaya mashi. Ita ba ta da kowa.

To, ga wani labari. A wani tsibiri mai nisa, mutane masu hankali da ilimi sun yi shekara kusan 50 suna shan rana da ruwa, suna kashe kuɗi, don kada wata irin tsaka ta ƙare a duniya. Tambayata ita ce: waɗannan mutane aikin banza suke yi, ko kuwa wani nauyi ne suke saukewa? Abin da ba mu so, ba mu ci, ba mu sayarwa, yana da haƙƙi a kanmu? Bari in fara ba ka labarin, sannan mu auna shi tare.

Inda abin ya faru

Moris ƙasa ce ta Afirka, amma tsibiri ce a cikin tekun Indiya. Tana gabas da Madagaskar da kamar kilometa 900, wato kusan tafiyar Yamai zuwa Damagaram. Ta samu mulkin kanta a 1968. A da can babu ɗan Adam ko ɗaya da ke zaune cikinta. Mutanen Holan sun sauka a 1598, Faransa ta karɓe ta a 1715, Ingila kuma a 1810. Jiragen ruwansu ba mutane kaɗai suka kawo ba. Sun kawo ɓeraye, da aladu, da birai, da kyanwoyi. Dabbobin tsibirin kuwa ba su san irin waɗannan maƙiya ba, ba su iya gudu ba, ba su iya ɓoye ƙwansu ba. Akwai wani babban tsuntsu da ba ya tashi, ana ce mashi dodo, ko da yake ba dodon tatsuniya ba ne. Wajen 1662 aka yi mashi ganin ƙarshe. Manyan kunkuran ƙasar ma haka suka ƙare, masu jirgi suka cinye su.

Arewa da Moris, da nisan kilometa 22, akwai wani ɗan tsibiri da ake kira Il Rond da Faransanci, wato kewayayyen tsibiri. Faɗinsa bai wuce ekta 220 ba. Dutse ne ya fito daga cikin teku, ba rijiya, ba gari, ba wurin da jirgi zai tsaya cikin sauƙi. Wannan wahalar sauka ita ta cece shi: ɓera bai taɓa zama cikinsa ba. Saboda haka waɗansu halittu da suka ƙare a babban tsibirin suka rage a nan kaɗai. Cikinsu akwai macizai iri 2 marasa dafi, da wata babbar kulɓa, da tsakar da muke magana a kanta.

Ana ce mata tsakar Gunter. An sa mata sunan a 1885 don girmama Alber Gunter, wani masanin dabbobi haifaffen Jamus da ya yi aiki a Landan. Tana cikin manyan tsakokin duniya, tsawonta yana kai santimeta 30, wato taƙi ɗaya da rabi. Ƴan'uwanta na kusa korra ne shar, waɗansu da ɗigon ja, masu kyaun gani. Ita kuwa toka-toka ce da ratsin ƙasa-ƙasa, in ta manne a jikin itace ba ka ganinta sai ta motsa. Gidanta itatuwa ne dangin giginya da dabino. A kansu take cin ƙwari, tana lasar ruwan zaƙin fure da nunannun ƴaƴa, wani lokaci ma ta kama ƙananan tsakoki. Macen takan yi ƙwai 2, ta liƙa su ga ganye ko ga dutse inda rana ba ta bugu, su yi wajen wata 2 kafin su ƙyanƙyashe. An tono ƙasusuwanta a babban tsibirin Moris, shi ya nuna a da tana ko'ina can.

Ɓarnar da ba a yi da nufi ba

Ɓera bai shiga ba, amma mutum ya shigar da wani abu. Cikin ƙarni na 19 aka saki zomaye da awaki a Il Rond. Waɗanda suka sake su ba mugunta suka nufa ba. So suke masunta da matafiya su samu nama in sun sauka. Kai da ka san akuya, ka san sauran labarin. A Maraɗi jar akuya dukiya ce, ita ce nonon yara, ita ce asusun mata, domin tana da mai ita, ana ɗaure ta da damina, ana yanka wata, ana sayar da wata. A can kuwa babu makiyayi, babu kura, babu mahauci. Suka hayayyafa son ransu. Duk tsiron da ya leƙo daga ƙasa, akuya ta cinye kansa, zomo ya tone saiwarsa. Tsofaffin itatuwa suna faɗuwa in guguwar teku ta zo, babu ƙanana da za su maye gurbinsu. Da ciyawa ta ƙare, ruwan sama ya kwashe ƙasar ya zuba cikin teku, wuri ya zama fako da tsandauri.

An mai da tsibirin gandun da doka ta kare a 1957, amma takarda ba ta hana akuya kiwo. Ɗaya daga cikin macizan nan 2, wanda ke zama cikin ƙasa, a 1975 aka yi mashi ganin ƙarshe. Ƙasar da yake shiga ta tafi, shi ma ya tafi. Tsakar Gunter ta yi ƙaranci ƙwarai, domin itatuwan da take kwana a kansu suna ƙarewa.

A 1976 wani Bature mai suna Jeral Darel, wanda ya kafa gidan dabbobi a tsibirin Jarzi kusa da Faransa, ya zo Moris. Da yardar hukumar ƙasar ya ɗauki waɗansu tsakoki da kulɓa da macizai ya kai gidan nan nasa, don a kiwata su, ko da na daji sun ƙare a samu iri. Zuwa 1979 an gama da awaki. A 1986 wata ƙungiya da Don Marton, mutumin Niyu Zilan, ya jagoranta ta gama da zomaye ta hanyar guba. Daga nan ƙananan itatuwa suka fara tsira. Ƴan ƙasar Moris suka shiga dashe, suna jigilar ruwa da tsirrai a kan dutse. A 2007 aka kawo manyan kunkura irin na tsibirin Aldabra, don su yi aikin waɗanda suka ƙare: su ci ciyawar da ta zo daga waje, su ci ƴaƴan itace su watsa irin cikin kashinsu. A 2010 aka ɗauki tsaka 50 aka kai wani ƙaramin tsibiri da ake kira Tsibirin Balbelu, wanda aka riga aka kawar da ɓerayensa, don kada dukan irin ya zauna wuri guda. Sun zauna, sun hayayyafa. Har yanzu ba kowa ake bari ya sauka a Il Rond ba, kuma duk kayan da za a kai can sai an bincike su ɗaya-ɗaya, kada ɓera ko irin ciyawa ya ɓuya ciki.

Ka ji labarin. Yanzu sai mu koma ga tambayarmu.

Mi tsaka ke tsinana wa mutum?

Wannan ita ce gardamar farko da za ka yi mini, kuma tana da amsa. Tsakar gidanka sauro da ƙwari take ci duk dare, ba ka biyanta. Ba ta da dafi. Maganar da ake yi cewa ita ke kawo kuturta ba haka ba ne. Wani likita na ƙasar Norwe mai suna Hansan ya gano ƙwayar cutar kuturta tun 1873, kuma daga mutum take zuwa ga mutum in an daɗe ana zama tare, yau kuma tana da magani. A Moris akwai wata tsaka mai shuɗiyar wutsiya da ke lasar furen wata itaciya mai wuyar samu. Ita ke kai bununin wannan fure zuwa wancan, ita kuma ke watsa irin in ta ci ƴaƴan. In tsakar ta ɓace, itaciyar ta rasa mai yi mata wannan aiki. Har ma masana sun duba ƙafar tsaka don su gane yadda take tafiya a rufin ɗaki ba ta faɗo. Suka tarar da gashi ƙanana dubu ɗaruruwa a ƙarƙashin yatsunta, waɗanda ido ba ya gani, su ke kama bango ba tare da ƙaro ba. Yanzu ana kwaikwayonsu wajen ƙera abin liƙi.

Duk wannan gaskiya ne, amma ba na so in jingina maganata a kansa. In na ce a bar tsaka don tana da amfani, ranar da aka samu abin da ya fi ta amfani hujjata ta faɗi. Kuma ka lura da inda wannan ma'auni yake kai mutum. In amfani kaɗai ne ke ba abu daraja, mi za mu ce da tsohon da ba ya iya riƙe hauya? Mi za mu ce da jakin da ya tsufa a gidanka? Kai da kanka ba ka auna su da wannan mudu. Ka san akwai abin da ake kiyayewa don ya cancanta, ko da ba a samu komi daga gare shi ba. In an faɗi gaskiya, da tsakar Gunter ta ƙare a 1980, ba wanda zai kwana da yunwa saboda haka, ko a Moris ko a Tawa. Saboda haka hujjar tana wani wuri.

Mutane na yunwa, ana kiwon tsaka?

Gardama ta biyu ta fi ta farko nauyi. Wanda ya ga farin 1973 da na 1984, ko ya ji labarinsu daga iyayensa, yana da ikon ya ce: a fara da mutum. Na yarda. In aka ajiye maka buhun hatsi ɗaya, ga yaro mai yunwa, ga tsaka, ba ka da abin tunani. Ran ɗan Adam yana gaba.

Amma ka duba da kyau, ba haka zaɓin yake zuwa ba. Ba a karɓe gonar kowa a Il Rond ba, domin ba mai noma can. Kuma abin da ya kusa kashe tsakar, wato kiwon da ba shi da iyaka, da ƙarewar itatuwa, da tafiyar ƙasa, shi ne abin da ke kashe gona a ko'ina. Maganin ma ɗaya ne: a kare ƙaramin tsiro har ya fi ƙarfin bakin dabba. Manoman Maraɗi da Damagaram sun san wannan, su da tun shekarun 1980 suka koma barin tohon gawo da sabara da kalgo a gonakinsu suna gyara shi, har itatuwa suka dawo a ekta miliyoyi. Mutumin da ya saba cewa wannan ƙaramin abu ne, a bar shi ya lalace, ba ya tsayawa kan tsaka. Gobe kurmi ne, jibi tabki. Mai yunwa shi ne farkon wanda wannan hali ke cuta.

Jinin awaki da zomaye fa?

Ga gardama ta uku, kuma ba zan ɓoye maka ita ba. Don a ceci tsaka da itatuwa, an harbe awaki, an ba zomaye guba. Su ma rai gare su, su ma suna jin zafi, kuma ba su suka kai kansu tsibirin ba. Wane ne ya ce ran tsaka ya fi na zomo?

Ba wanda ya ce haka. Ran tsaka guda bai fi na zomo guda ba. Abin da aka auna wani abu ne dabam. In aka kashe zomayen Il Rond duka, zomo yana nan a duniya, miliyoyi. In aka bar su, tsakar Gunter ta tafi ke nan har abada, ita da duk zuriyar da za ta haifa. Manomi ya san wannan bambanci fiye da kowa. Cin hatsi dabam, cin iri dabam. Wanda ya ci damin hatsi ya rage rumbu. Wanda ya ci irin shuka ya rufe ƙofar baɗi. Duk da haka, kashe zomayen nan ba abin alfahari ba ne. Bashi ne aka biya da jinin waɗanda ba su ci shi ba, kuma wannan ma yana cikin hasarar da sakaci ya jawo. Da ba a sake su ba tun farko, da ba a kai nan ba. Rigakafi ya fi magani.

Wannan bambanci yana amsa wata magana da na san tana ranka. Ka ji abin da malamai ke faɗi game da tsakar da ke shiga gida. Wannan fagensu ne, ba zan shiga gonarsu ba. Amma kawar da guda da ta shigo maka ɗaki magana ce guda, shafe iri ɗungum daga bayan ƙasa, a can cikin dajinsa inda bai dami kowa ba, wata magana ce.

Inda haƙƙin ya fito

To, ina hujjar take? A ganina wuri uku ne.

Na farko, mu muka ɓata. In akuyarka ta kwance ta shiga gonar maƙwabci, ba ka ce wa mai gari ai ban yi nufi ba ka juya ka tafi. Rashin nufi yana rage laifi, amma ba ya ɗauke biya. Tsakar nan ta daɗe a tsibirinta tun kafin jirgin farko ya iso, guguwa ba ta ƙare ta ba, fari bai ƙare ta ba. Hannun mutum ne ya kai ta bakin rami. Waɗanda suka saki awakin sun daɗe da mutuwa, amma ɓarnar ba ta mutu da su ba. Wanda ya gaji gida ya gaji bashin da ke kansa.

Na biyu, ba mu iya mayar da abin da ya ƙare. Mutum ya ƙera jirgin sama, ya taka wata, amma bai iya ƙera tsaka guda ba. A tsibirin Rodirig, gabas da Moris, an yi wata ƴar'uwar tsakar Gunter da ta fi ta girma. Ɓeraye suka shiga, ta ƙare cikin ƙarni na 19. Duk kuɗin duniya ba su dawo da ita. In ka rushe bango kana iya sake gina shi, in ka yi kuskure a lissafi kana iya sharewa. Abin da ba ya gyaruwa kuwa, ya kamata hannu ya yi sanyi kafin ya taɓa shi. Da na sani ƙeya ce.

Na uku, abin ba namu ne mu kaɗai ba. Mun tarar da shi, kuma akwai masu zuwa bayanmu. Yaran Moris na yau ba su taɓa ganin dodo ba sai a hoto da jikin tambarin ƙasarsu. Ba wanda ya shawarce su kafin a ƙare shi. Mai riƙon amana ba ya zaɓen abin da yake so cikin kayan ya ajiye, ya zubar da sauran don ba su yi mashi kyau ba.

A nan ne tsaka take gwada mu. A ƙasarmu raƙuman dawa na Kure sun ragu har suka koma 49 a 1996. Aka tashi tsaye, suka haura 600, har a 2018 aka ɗauki 8 aka kai gandun Gadabeji. Abin farin ciki ne. Amma son raƙumin dawa ba shi da wuya: yana da kyau, baƙi suna zuwa kallonsa. Wanda ya kare kyakkyawa kaɗai, idonsa ya bi. Adalcin mutum ana ganinsa ne wurin wanda ba shi da kyau, ba shi da baki, ba shi kuma da abin da zai saka da shi. Haka yake tsakanin mutane, haka yake tsakaninmu da sauran halittu.

Kada ka ɗauka aikin ya ƙare. A watan Yuli na 2020 wani babban jirgin ruwa mai suna Wakashio ya makale a kudu maso gabashin Moris, mai wajen tan 1000 ya tsiyaye cikin teku, dab da Tsibirin Balbelu. Ma'aikata suka yi ta kwashe tsirrai da ƙananan dabbobi daga tsibiran wurin zuwa inda za su tsira. A Il Rond kuwa, ɓera mace guda mai ciki, in ta ɓuya cikin kaya ta sauka, tana iya rushe aikin shekara 50. Ɓarna tana da sauri, gyara yana da nawa, kuma mai tsaro ba shi da ranar hutu.

Ya kai mai karatu, wataƙila ba za ka taɓa zuwa Moris ba, ba kuma a nemi dalarka ba. Abin da nake so ka ɗauka kaɗan ne. Ka tambayi tsofaffin garinku dabbobi da tsuntsaye da itatuwan da suka sani suna yara waɗanda yau ba a gani. Ka ƙirga su. Ka tambaya wane ne ya ƙare su, za ka tarar ba wanda ya yi niyya, kowa ɗan kaɗan ya ɗiba. Sannan ka duba abin da ya rage a dajinku wanda kowa ke rainawa. In yaronka ya ɗauki dutse zai jefi wani ƙaramin abu da bai yi mashi komi ba, ka riƙe hannunsa ka tambaye shi dalili. In ya ce ai ba shi da amfani, ka ba shi labarin tsakar Gunter, ku yi gardamar tare kamar yadda muka yi yau.